Sabon daɓe da kejin kariya: yadda aikin tsohuwar Land Cruiser ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau motar ta shiga gareji a nan Sharaɗa, kuma daga yau zan riƙa rubuta abin da aka yi mata da dalilin yin sa. Toyota Land Cruiser ce, FJ40, ƙirar 1978, gajeriyar nan da aka daina ƙerawa a Japan a 1984. Ta kawuna ce, ya bar mini ita da ya daina tuƙi. Injinta 2F ne, silinda shida, lita 4.2, lafiyarsa ƙalau, giyarta ma haka. Ciwon yana ƙarƙashin ƙafa: daɓen ya ruɓe.

Aikin da nake so ta yi mini shi ne zuwa gona a ƙasar Doguwa, wajen Riruwai, da damina, lokacin da ruwa ke cinye hanya ya bar gefe ɗaya a sama, ɗaya a kwari. Tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 2,285 ne kacal, ga ta da tsayi, ga ta ba faɗi. Irin wannan mota ba sai da gudu take kifewa ba, taya ɗaya ta zurma a bakin kwazazzabo ya isa. Rufin samanta kuwa faiba ne, don rana da ruwan sama aka yi shi. Ni da ƙanena da ma'aikata biyu ne za mu riƙa shiga, shi ya sa nake so a yi mata kejin ƙarfe a ciki.

Yawancin waɗanda na gaya wa suna zaton ƙaramin aiki ne: a lanƙwasa fayif, a liƙa a daɓe, a shafa fenti. Na sha ganin irin wannan, keji ya yi kyau a ido amma ƙafafunsa na tsaye a kan falankin da guduma za ta huda. Ran da motar ta kife, duk nauyinta kan ƙafafun nan zai hau, su fasa daɓen su wuce, kejin ya sauko a kan mutanen da aka yi shi dominsu. Don haka daga ƙasa za mu faro. Abin da muka tsayar da Baba mai walda, wanda shi ne zai ja aikin, shi ne: duk abin da ran mutum zai rataya a kansa, kujera ce, bel ne, ƙafar keji ce, sai nauyinsa ya sami hanyar da zai bi ya isa shasi. Falankin daɓe aikinsa ya tare ƙura da ruwa, ya ɗauki tafin ƙafa, shi ke nan.

Asabar, 18 ga Janairu

An kwance kujeru, an sauke rufin, wanda dama notuna ne suka riƙe shi, an kwantar da gilashin gaba a kan bonet, an cire batir. Sai tanki. A wannan ƙirar tankin mai yana cikin motar ne, ƙarƙashin kujerar fasinja da ke kusa da direba. Sai a 1979 kamfanin ya mayar da shi ƙarƙashin daɓe. Baba bai bari an kunna ko injin yanka ba sai da aka tsiyaye man, aka kai tankin can bayan gareji, aka hure bututun aka toshe bakinsa. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a wurin walda, domin tururin da ya rage a ciki shi ne ke kamawa.

Da aka ɗaga shimfiɗar roba sai ga tarihin motar a fili. An taɓa yi mata faci da kwanon rufi, an buga ribit, an shafe da fila, an bi da kwalta. Ruwa ya shiga tsakanin facin da tsohon ƙarfen ya zauna, ya ci su duka biyun. Baba ya ɗauki ƙaramar guduma ya durƙusa yana bin daɓen taƙi-taƙi. Inda ƙarfe ke da rai ƙarar tana fita tas, inda ya mutu sai ka ji ta dushe, jan gari yana zuba a ƙasa. Duk inda ya ji haka sai ya zagaye da alli. Kafin ya miƙe, wurin da babu alli bai wuce murfin giya da ɗan gefen bangon injin ba. Notin baya na kujerar direba da hannu ya ja shi, ya fito da guntun daɓe a jikinsa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba.

Wani zai yi mamaki, mota a Kano, garin da ake wata bakwai ba a ga ɗigon ruwa ba, ina ta samo wannan tsatsa? A Turai gishirin da suke watsa wa titi saboda ƙanƙara ne ke cin motoci. Mu namu abubuwa uku ne. Akwai ruwan wanki da ke kwanciya ƙarƙashin shimfiɗa ba ya samun mafita. Akwai laka da ke manne a lungunan madigadi ta riƙe danshi har bayan damina. Sai takin zamani, wanda shi ne babba a motar manomi. Buhun yuriya ya ɗan yage, ƙwayoyin su shige lungu, su jawo danshi daga iska, su kama cin ƙarfe. Bayan motar nan, inda kawu ke loda taki, nan ne ya fi lalacewa.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ba mu fara ba sai da aka buɗe hanya. Ba a yanka komai ba. Daɓe shi ne ke riƙe da siffar bodi, idan aka cire shi babu tokara, bangon gefe zai buɗe, ƙofa ta daina rufuwa. An ɗora shasin a kan turaku huɗu, aka daidaita shi da siririn tiyo mai ruwa a ciki, aka ɗiga angil a bakin kowace ƙofa, aka gicciya wasu biyu a baya. Mun auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Baba ya ce, "Alhaji, rubuta awon nan a jikin bango, kada ka riƙe shi a ka." Na rubuta da gawayi, na kuma ɗauka a waya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An yanke daɓen. Hazo ya sauko sosai, ga ƙurar tsatsa, kowa da ƙyalle a hanci. Mun bar leɓe na santimita biyu zuwa uku a duk inda gefen ke da lafiya, domin sabon falanki ya sami wurin zama. Dokin ƙofar baya babu abin da za a ceta a cikinsa, sabo za a ƙera.

Abin da ya faranta mini rai shi ne shasin. Da aka kankare shi, aka wanke lakar da ta cushe a cikinsa, sai ga ƙarfe mai kauri, ribit ɗinsa duk a ɗaure. Kunnuwa biyu na baya da bodi ke zama a kansu ne kawai suka sirance, za a sake su. Robobin da ke tsakanin bodi da shasi sun mutu gaba ɗaya, wasu sun tsage, wasu sun lotse har ƙarfe na gugar ƙarfe. Tun da daɓe a buɗe yake, mun ga bututun birki na baya ya yi tabo-tabo. Ba ya cikin lissafi, amma ba za a rufe shi a haka ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa, sayen ƙarfe. Na tafi da ma'aunin kauri a aljihu, domin abin da ake kira mili biyu a baki ba kullum yake cika biyu a awo ba. Falanki mun ɗauki mai milimita 2. Mai ƙafa huɗu da takwas nauyinsa ya kusa kilo 47, kuma guda ɗaya da ɗan ƙari zai rufe motar. Mai 1.5 ya fi sauƙin nauyi, sai dai waldar wuta tana huda shi, mu kuwa da ita za mu yi aiki. Mun ɗauki fayif mai kusurwa huɗu, 40 da 40, kaurin bango milimita 3, na ƙarƙashin daɓe, da guntayen faranti masu milimita 4 da 5.

Fayif ɗin keji shi ne ya cinye mana yini. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta rubuta ƙa'idar keji a sashe na 253 na kundinta, kuma ko da yake ba tsere zan shiga ba, ban ga dalilin ƙin amfana da abin da aka koya daga haɗurran wasu ba. Ta ce babban bakan keji, wato fayif ɗin da ke tashi daga daɓe ya lanƙwaso ta sama a bayan kujerun gaba, ya kasance fayif marar ɗinki, faɗin milimita 45 da kaurin bango 2.5, ko 50 da 2.0. Sauran sassan 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Sinadarin kabon a cikin ƙarfen kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, ƙarfin jansa kuma kada ya gaza niyuton 350 a kan kowace murabba'in milimita.

Abin da aka fara miƙo mana shi ne farin fayif na ruwa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai da wannan kowa ke yi, ga shi ba ya tsatsa." Baba ya zura yatsa a bakinsa ya ce in taɓa. Akwai layi mai tudu a ciki daga farko har ƙarshe, wato falanki ne aka naɗe aka ɗinke. Wanda aka yi don ruwa ba a yi shi don ya ɗauki duka ba, ɗinkin na iya buɗewa a wurin lanƙwasa. Ga kuma farin rufin jikinsa, sinadarin zinki, wanda hayaƙinsa ke sa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji, ya kuma ɓata waldar kanta. Baƙin fayif na ƙofa da gado kuwa bangonsa sirara ne, ba a ma maganarsa.

A can ciki, wurin masu kayan masana'antu, muka sami marar ɗinki, irin wanda ake ja wa tururi da mai a kamfanoni, da tambarin A106 B a jikinsa. Faɗinsa milimita 48.3, kaurin bango 3.68, ƙarfin jansa ba ya gaza 415. Ba shi ne ainihin wanda FIA ta ambata ba, domin nata a sanyi ake jan sa, wannan kuwa da zafi aka ƙera shi. Kuma yana da nauyi: kilo 4 a kowace mita, alhali mai 45 da 2.5 bai wuce kilo 2.6 ba. Nauyi a saman mota mai tsayi ba abin so ba ne, yana ƙara mata saurin karkata. Amma kaurin nan yana karɓar waldar wuta ba tare da ya ƙone ba, kuma shi ne na gaskiya da hannunmu ya kai gare shi. Shi muka saya, da niyyar kada a sa ko sanda ɗaya a sama wadda ba ta da aiki.

Notuna duk masu lamba 8.8 a ka, wato alamar ƙarfinsu. Wanda kansa babu rubutu ban karɓa ba, ko da an rantse mini.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kafin a ɗiga komai, sai da aka san inda mutum zai zauna, domin daga kujera ake auna keji. Tsofaffin kujerun ba su da matokarin kai, na samo wasu biyu na wata ƙaramar mota da aka kwance, masu dogon baya da layin turawa mai kullewa ta gefe biyu. Aka ɗora ta direba a kan katako, na zauna, na taka kuloci har ƙasa, na riƙe sitiyari. Ƙanena ya fi ni tsawo, shi ma ya zauna, aka yi alama a inda kansa ya tsaya. Babban baka zai tsaya a bayan matokarin kai. A tsere ana barin aƙalla santimita 5 tsakanin hular kwano da saman keji. Mu da ba za mu sa hula ba mun bar duk abin da rufin ya ba mu.

Daga nan aka shimfiɗa ƙashin daɓen. Fayif mai kusurwa huɗu guda biyu sun gicciya ƙarƙashin kujerun gaba, ɗaya a layin notunan gaba, ɗaya a na baya. Na uku yana daidai ƙarƙashin babban baka, wasu biyu a baya. Kowanne bakinsa ya ƙare a kan dogon fayif da ke bin dokin ƙofa, shi kuma yana zaune a kan wuraren da bodi ke ɗaure da shasi. Duk inda noti zai ratsa fayif, an huda, an zura guntun bututu mai kauri an yi masa walda sama da ƙasa. Idan babu shi, kana ɗaure noti fayif ɗin yana lotsewa, bayan 'yan watanni notin ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yankan falanki. An fara fitar da siffar kowane yanki da kwali, a gwada, a rage, sannan a zana a ƙarfe. Fanabita na maƙwabta ya buga mana layuka masu tudu a jikin kowane yanki, a kan icce mai kwari, domin shimfiɗaɗɗen falanki yana ƙara yana lotsawa idan an taka. Murfin giya da notuna zai ɗauru, saboda ranar gyaran kuloci.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, zafi kuma ya fara shigowa. Walda da rana da ƙishirwa ba ta yi, mun mayar da aikin bayan asham, da janareto idan babu wuta.

Sandar walda mai lamba 6013 ce, geji 12, wuta a ƙasa-ƙasa. Baba ba ya jan dogon layi a falanki. Yana ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dawo, sai wurin ya huce har hannu na iya taɓawa kafin ya ƙara kusa da shi. Yaronsa na biye da guduma da dunƙulen ƙarfe yana danne bakin. Aikin yana da cin rai, amma zafin da aka tara wuri ɗaya shi ne ke murɗa falanki ya ja bodi ya karkace. Waldar gas ma saboda haka muka ƙi ta, zafinta yana yaɗuwa da faɗi. A tsakiya, inda falanki ya hau kan fayif, an huhhuda shi an cike hudojin da walda. Mun sake awon kusurwa zuwa kusurwa, ya yi daidai da na jikin bango. An cire angil ɗin tokara, ƙofofi suna rufuwa da turi ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris

Ƙafafun keji. Wannan shi ne wurin da duk aikin ya dogara a kai, kuma nan muka fi daɗewa muna shawara.

Ƙa'idar FIA ta ce kowace ƙafar baka ta zauna a kan farantin ƙarfe da bai gaza milimita 3 a kauri ba, faɗinsa murabba'in santimita 120, da notuna aƙalla uku masu milimita 8, lamba 8.8. Mu mun yi faranti 12 da 12, kauri milimita 4, notuna huɗu masu milimita 10. Ƙarƙashin daɓe akwai wani farantin, su biyun sun matse falanki a tsakiya. Yaron garejin ya yanko su daidai wa daida, Baba ya mayar da shi ya yanko na ƙasa da ya fi na sama faɗi. Ya ce masa, "Ɗana, idan bakinsu ya zo ɗaya, ran da nauyi ya hau, almakashi ka haɗa, su za su yanke daɓen da kansu." An kuma goge duk kusurwoyin sun zama zagaye, domin kusurwa mai tsini daga nan tsaga take farawa.

Sai babbar tambaya: yaya za a haɗa da shasi? Bodin motar nan a kan roba yake zaune, da gangan aka yi haka, domin shasi yana murɗawa a hanya marar kyau, robar kuma tana shanye motsin. Wani maƙwabcin gareji ya ce a zarce da fayif kawai daga keji a liƙa a shasi, ya fi ƙarfi. Idan aka yi haka an kashe aikin robar, duk girgizar hanya za ta shigo cikin mota, kuma inda ƙarfe mai motsi ya haɗu da marar motsi nan walda ke tsagewa. Idan kuma aka bar keji a kan bodi kaɗai, to rayuka sun rataya a kan notunan bodi.

Abin da muka yi: daga farantin ƙasa gajeren fayif ya sauka, bakinsa da bushin roba irin na sifirin, noti mai milimita 14 ya ratsa shi tsakanin kunnuwa biyu da ke jikin wani hannu da ya fito daga shasi. A tafiyar yau da kullum robar tana ba da ɗan motsi. Idan mota ta kife, robar ta matse, nauyin ya bi ta notin ya shiga shasi. Hannun ba a liƙa shi kai tsaye ba, sai da aka fara manna faranti mai milimita 5 a cikin gefen shasin, mai siffar lu'ulu'u, domin kada layin walda ya yanke shasin a tsaye. Leɓen sama da na ƙasa na shasin ba a taɓa su da wuta ba, su ne ke ɗauke da lanƙwasar mota. A nan sandar 7018 aka yi amfani da ita, sabon kwali da aka buɗe a wurin, domin ita ba ta son danshi.

Ƙafa shida ke nan: biyu a gaba kusa da bangon injin, biyu na babban baka, biyu a baya kan madigadi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. An koma aiki da lanƙwasa fayif.

Hanyar da aka saba a gari ita ce a cika fayif da yashi, a gasa shi ya yi ja, a ja da hannu. Tana yi a ƙafar kujera da rumfar shago. A keji ba na so, ƙa'idar ma ta ce a sanyi za a lanƙwasa, domin gashi yana sauya halin ƙarfe a daidai wurin da aka fi buƙatar ƙarfinsa. Ƙaramin injin jak da ke tura fayif a tsakiya shi ma mun gwada a guntu, ya lotsa cikin lanƙwasar ya bar ƙwarya. Mun kai wani wurin ƙere-ƙere a rukunin masana'antu, masu injin da ke naɗe fayif a jikin dunƙulen ƙarfe mai kwari daidai faɗinsa.

Awo biyu na duba. Daga cibiyar lanƙwasa zuwa tsakiyar fayif kada ya gaza ninki uku na faɗinsa, wato milimita 145 a namu. Sannan inda ya ɗan baje, siririn gefen kada ya gaza kashi 90 cikin ɗari na mai faɗin. Gwajin farko ya wuce duka biyun. Babban baka fayif ɗaya ne daga ƙafa zuwa ƙafa, babu haɗi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kejin ya tsaya. Bakin kowane fayif an fafe shi ya rungumi ɗan'uwansa, har sai da haske ya daina ratsa tsakani, domin walda ba ta maye gurbin ƙarfen da babu. Da yake rufin a sauke yake, an zagaye kowane haɗi gaba ɗaya, har saman da a wata motar hannu ba ya kaiwa. Tokare biyu sun tashi daga saman baka sun sauka baya, karkatarsu ta wuce digiri 30 daga tsaye. Sanda ɗaya ta ratsa bakan a karkace, daga sama bayan kan direba zuwa ƙasa a ɗaya gefen. Ƙanena ya ce tana tare hanyar shiga baya. Gaskiya ne tana tarewa, amma ita ce ke hana bakan kwantawa gefe idan mota ta faɗi a kan kafaɗarta, kuma irin faɗuwar da na fi tsoro ke nan. Masu zama a baya ta ƙofar baya za su shiga.

Kujeru kowace da noti huɗu, sun ratsa fayif ɗin gicciye, da washa mai faɗi da macen noti mai roba a ciki wadda girgiza ba ta kwance ta. A gwajin da ake yi wa kujerun mota a Turai, ana ja da ƙarfin da ya ninka nauyi sau 20. Mutum mai kilo 80, a wannan lissafin, ya zama kilo 1,600 a kan bel da notunansa. Wanda ya riƙe wannan adadi a ransa ba zai ɗaure bel a jikin falanki ba. Namu na ƙasa suna kan kunnuwa masu milimita 5 a jikin fayif ɗin gicciye, na kafaɗa a jikin babban baka, ɗan sama da kafaɗar mai zama. Bel sabo na saya, mai ɗauri uku irin na kowace mota. Na kwance ban yarda da shi ba, domin wanda ya taɓa riƙe mutum a haɗari ya miƙe, kuma ido ba ya ganewa.

Ƙananan kujerun baya masu kallon juna na cire su. Wanda ke zaune a gicciye, idan aka yi karo ta gaba, babu abin da ke riƙe shi yadda ya kamata. Benci mai kallon gaba ya maye gurbinsu, shi ma a kan fayif ɗinsa, da bel biyu.

Tankin ya koma wurinsa, amma yanzu cikin akwatin falanki mai murfi da roba a baki, numfashinsa kuma an fitar da shi waje. Ƙafafun kujerar sun tsallake shi, ba su taɓa shi ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An sake kwance komai saboda fenti, hadari ya fara haɗuwa da yamma. An goge ƙarfen, an shafa jan fenti mai hana tsatsa, an bi duk layin haɗi da gam na toshe ɗinki, sama da ƙasa. An huda mafitar ruwa a kowane lungu mai kwari, da marufin roba. An ba ni shawarar a fesa baƙin mai a ƙasa kamar yadda aka saba. Na ƙi, yana kama yashi yana kuma cin roba. Cikin fayif-fayif ɗin dai an zuba man hana tsatsa an toshe bakunansu. Waldar keji siririn fenti aka yi mata, babu fila ko kaɗan, domin idan tsaga ta fito in gan ta.

Asabar, 17 ga Mayu

An mayar da komai, sababbin robobin bodi, sabon bututun birki. Notunan ƙafar keji an ɗaure su da sifana mai awo, kowanne an ja masa layin farin fenti daga kansa zuwa faranti, yadda idan ya juya za a gani.

Mun fita gwaji ta hanyar Zariya, muka ratse wajen Tiga muka shiga burji. Na hau da tayar gaba ɗaya kan tudu har ta baya ta kusa ɗagawa, muka sauka muka duba a haka. Ƙofofi suna buɗewa, bushin ƙafafun sun ɗan matsa kamar yadda aka so, babu inda keji ya taɓa bodi. Da muka dawo Baba ya shiga ƙarƙashi da tocila ya bi walda ɗaya bayan ɗaya. Layukan farin fenti duk suna nan a miƙe.

Abu biyu suka fito. Daɓen gefen da salansa ke bi yana zafi sosai, za a sa masa farantin alminiyam da tazarar iska a tsakani. Na biyu ya fi muhimmanci: fayif ɗin da ke bin saman ƙofa yana kusa da gefen kai, kuma ƙarfe tsirara a wurin nan zai iya yi wa mutum illa ko a ƙaramin haɗari. Soson da ake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi ba ya aiki, yana lotsewa har ƙarfe da matsin yatsa. Na yi odar mai tauri da aka yi don keji, ana sa ran isowarsa daga Legas a makon gobe. Kafin a ɗaura shi babu wanda zai shiga motar zuwa gona. Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, farantin salansa da mayar da rufi.